Mota Ta Sha Iska: Yadda Ake Cire Iska Daga Layin Man Babbar Mota Mai Dizal

Duk mai bin hanyar Kawo ko shataletalen Mando da sassafe ya saba ganin tifa ko tirela tsaye a gefen titi, an kifa kanta gaba, yaron mota ya jera ganye a kan kwalta don masu tahowa su kauce. Direba yana ta buga kik, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Sau da yawa ga jarka nan a ajiye, yanzun nan aka juye mai a tanki. Idan aka tambayi abin da ya faru, amsar ba ta wuce kalma uku: "Ta sha iska."

A da, sai a jira bakanike ya iso. Yanzu kuwa yaron mota kan zaro waya ya shiga YouTube ko TikTok, ya ga wani yana kwance noti a kan injekta, mai yana tsartuwa, mota ta tashi. Dabarar gaskiya ce, amma ta wani nau'in inji ce. Idan aka yi ta a kan injin zamani tana iya lalata kaya masu tsada, tana kuma iya raunata hannun mai yi. Saboda haka kafin a ɗauki sifana, akwai buƙatar a san yadda iskar ke shiga, da irin injin da ake tsaye a gabansa.

Me ya sa iska ke kashe injin dizal?

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala na farkonsa mai aiki a 1897, ba shi da wannan. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin salshiyos, sannan injekta ta feso dizal a cikinta kamar hazo, man ya kama da kansa.

Kafin injektar tsohon inji ta buɗe, sai famfo ya turo mai da ƙarfin da ya kai kimanin bar 200. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba, wato ana maganar ninkin iskar taya kusan sau ɗari. Famfo yana iya kai wa wannan ƙarfi ne saboda mai, kamar ruwa, ba ya matsuwa. Abin da aka tura daga wannan baki shi zai fita ta wancan.

Iska kuwa tana matsuwa. Wanda ya taɓa toshe bakin sirinji da yatsa ya san bambancin: idan ruwa ne a ciki, hannun sirinjin ba ya motsi, idan iska ce, sai ya shige ya dawo kamar sifirin. Haka kumfar iska ke yi a bututun mai. Famfo zai turo, kumfar ta matse ta shanye ƙarfin, injekta ba za ta buɗe ba. Babu mai a silinda, babu wuta.

Wannan iskar daban take da iskar birki. Babbar mota tana da tankunan iska da ke riƙe birkinta, kuma wannan iskar ana son ta. Wadda ake magana a kai ita ce wadda ta kutsa cikin layin mai.

Hanyar da mai ke bi

Dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, yana fitowa daga tanki ta wani bututu da ya nutse kusa da gindin tankin. Daga nan ya shiga filta ta farko, mai raba mai da ruwa, wadda a motoci da yawa take da kofi mai haske a ƙasanta. Sai ƙaramin famfo mai zuƙo mai ya tura shi zuwa filta ta biyu, mai tace ƙananan ƙura. Daga nan ya isa babban famfon injekta, wanda ke harba shi ta bututun ƙarfe zuwa kowace injekta. Abin da ya yi saura yana komawa tanki ta bututun komawa.

Wannan hanya ta kasu gida biyu. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo, zuƙo mai ake yi. Daga famfon zuwa gaba, tura shi ake yi. Idan ɓangaren turi ya huje, mai zai ɗiga a gani. Idan ɓangaren zuƙa ne ya huje, sau da yawa ko ɗigo ɗaya ba za a gani ba, domin ramin iska yake janyowa ciki. Kamar bututun shan lemo ne da ya tsage a gefe: ana zuƙa, iska ce ke zuwa baki, lemon yana zaune a kwalba.

Ta ina iskar ke shiga?

Hanya mafi yawa ita ce ƙarewar mai. Tun da farashin dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022, masu motoci da yawa suna auna wa direba man da zai kai shi daidai wa daida, wasu motocin kuma gejin mansu ya daɗe da mutuwa. Ba ma sai tanki ya bushe ƙaf ba. Idan man ya yi ƙasa sosai kuma mota ta kama hawa, kamar hawan gadar Kawo da lodi, sai man ya gangara gefe ɗaya, bakin bututu ya fito fili ya zuƙi iska.

Hanya ta biyu ita ce canjin filta. Sabuwar filta babu komai a cikinta sai iska, kuma idan ba a fitar da ita ba, kai tsaye za ta wuce famfo.

Sauran hanyoyin sun fi wuyar ganewa: tiyon roba da zafin rana ya busar har ya tsattsage, zoben robar filta da bai zauna daidai ba, wosha ta jan ƙarfe da aka sake ɗaurawa bayan ta riga ta lotse, ko kuma famfon hannu da robarsa ta ci. Filta da ta toshe da ƙurar hunturu ko dattin man jarka ita ma tana sa famfo ya riƙa zuƙa da ƙarfi, har ya janyo iska ta mahaɗar da a da ba ta da matsala. Haka nan idan ramin numfashin tanki ya toshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamomin kuwa sanannu ne: inji ya riƙa sarƙewa yana rage ƙarfi, ko ya tashi ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya mutu, ko kuma ya yi aiki lafiya da rana amma da safe sai an sha wahala kafin ya kama, domin cikin dare man ya zurare ya koma tanki, iska ta maye gurbinsa.

Tambayar farko: wane irin inji ne?

Manyan motocin da ke bin titin Nnamdi Azikiwe, wato baifas, da waɗanda ke kwana a Mararrabar Jos, ba zamaninsu ɗaya ba. Akwai tsofaffin Mercedes irin su 911, da tsofaffin DAF da MAN da Mitsubishi Canter, da Howo masu yawa, waɗanda famfonsu na ƙarfe ne zalla. Ana gane su da sauƙi: bututun ƙarfe na kowace injekta yana fitowa ne kai tsaye daga jikin famfo, huɗu ko shida a jere, kuma ba a ganin wayar lantarki a kan injektocin.

Sannan akwai injin zamani da kanikawa ke kira kwaman rel. Kamfanin Denso na Japan ne ya fara sa shi a manyan motocin Hino a 1995, sannan Bosch ya yaɗa shi a ƙananan motoci daga 1997. A wannan tsari famfo yana tara mai a cikin wani kakkauran bututu guda ɗaya da ke kwance a gefen inji, duk injektoci suna sha daga gare shi, kuma kwamfutar mota ce ke buɗe kowace injekta ta hanyar waya. Ƙarfin man da ke cikin wannan bututu yana kai wa bar 1,600 zuwa sama da 2,000.

Akwai kuma nau'i na uku a wasu tirelolin Turai da Amurka, inda kowace silinda take da nata ƙaramin famfo. Su ma kwamfuta ce ke sarrafa mafi yawansu, don haka ƙa'idar injin zamani ce ta hau kansu.

Sunan mota kaɗai ba ya isa, domin kamfani ɗaya yana da tsoho da sabo. A nan waya take da amfani na farko: a ɗauki hoton farantin da ke manne a jikin inji, a nemi lambar a intanet, a sauke littafin wannan injin. Bidiyon da ba na wannan lambar ba, kallo ne kawai.

Kafin a taɓa sifana

Motar da injinta ya mutu ba ta tara iskar birki, sitiyarinta kuma ya yi nauyi. Don haka a ja birkin hannu, a sa weji a taya, a mayar da giya firi, a ajiye alamar gargaɗi nesa da mota yadda mai tahowa da gudu zai gani a kan lokaci. Idan za a kifa kan mota, a tabbata ya kifu har ƙarshe ko an tokare shi. A kashe sigari.

A zuba mai isasshe. Lita biyu ko uku a tankin da ke cin ɗaruruwan lita ba za su rufe bakin bututu ba, sai a yi ta famfo ana ƙara janyo iska. A goge datti daga kan filta da mahaɗai kafin a kwance komai, a ajiye roba a ƙasa don tarar man da zai zubo, a kuma ɗauki hoton wurin da waya don a san yadda kowane abu yake kafin a taɓa shi.

Matakai a tsohon inji

Ƙa'idar ɗaya ce: ana korar iska ne daga ɓangaren tanki zuwa ɓangaren inji, mataki bayan mataki, ba a tsallake.

Na farko, a nemo famfon hannu. A wasu motocin maɓalli ne a saman filta da ake dannawa da tafin hannu. A wasu, kamar tsofaffin Mercedes, wani ɗan murfi ne a gefen famfon injekta da ake warwarewa, sannan a riƙa ja ana dannawa. A wasu kuma ɗan hannu ne a jikin ƙaramin famfo. Idan irin wannan hannun ya yi sakwaf ba ya tura komai, a ɗan juya inji kaɗan, domin yakan tsaya a inda famfon ya riga ya danne.

Na biyu, a sassauta ƙusar fitar da iska da ke saman filta, zagaye ɗaya ko biyu, ba tare da an cire ta gaba ɗaya ba. Idan filta biyu ne, a fara da wadda ta fi kusa da tanki.

Na uku, a riƙa famfo a hankali. Da farko huci za a ji, sai kumfa mai kama da ta sabulu, daga baya mai zalla. Idan man ya fito babu kumfa ko ɗaya, a ɗaure ƙusar tun man yana fita, don kada iska ta koma. A ɗaure ta da sauƙi, domin zarenta a cikin alminiyam yake, ba ya jure ƙarfi.

Na huɗu, a maimaita haka a ƙusar da ke jikin famfon injekta, idan yana da ita. A ci gaba da famfo har hannu ya ji tauri. Idan famfon hannun irin mai murfi ne, a danna shi a murɗa ya kulle, domin wanda aka bari a buɗe shi kansa ƙofar iska ne.

Na biyar, a gwada kik. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa. Idan ta ƙi, to iska ta kai bututun ƙarfe. Sai a sassauta notin bututu a bakin injekta biyu ko uku, rabin zagaye kawai, a rufa tsumma a kai, kowa ya janye hannunsa da fuskarsa, a buga kik har mai ya fara tsartuwa babu kumfa. A saki makulli, a ɗaure notocin, a sake bugawa. Inji zai tashi yana rawa, sannan ya daidaita.

Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 zuwa 30 a bugu ɗaya, kuma a ba shi hutun kamar minti 2 kafin a sake. Yawancin manyan motoci batir biyu gare su, masu ba da bolt 24, kuma wanda ya dage da bugu zai wayi gari da matsala uku: iska, mataccen batir da ƙonannen kik.

Idan ta tashi, a bar ta tana aiki a tsaye na wasu mintuna, a duba duk inda aka kwance ko yana yoyo.

A injin zamani

A nan, matakin famfon hannu da ƙusar filta suna nan a motoci da yawa, kuma ana yin su kamar yadda aka bayyana. Wasu motocin kuma famfon lantarki gare su: a kunna makulli ba tare da buga kik ba, a saurari ƙarar famfon har ya yi shiru, a kashe, a maimaita sau da yawa. Sauran iskar inji da kansa yake mayar da ita tanki ta bututun komawa.

Abin da ba a yi shi ne kwance bututun injekta ko na kakkauran bututun nan yayin da inji ke juyawa. Dalili na farko, ba ya taimakawa, domin da zarar an buɗe wuri ɗaya ƙarfin man ya zube, kwamfuta kuma ba za ta buɗe injekta ba sai ta ga ƙarfin ya kai adadin da take nema. Na biyu, masu ƙera injuna da yawa sun ce a canza irin wannan bututun idan aka kwance shi, domin bakinsa ba ya sake kamawa kamar da. Na uku kuma shi ne mafi girma: tsartuwar mai mai wannan ƙarfi tana huda fata kamar allura.

Irin wannan rauni yana da yaudara. A waje ɗan ɗigo ne kawai, ƙila ma babu zafi sosai da farko, amma man da ya shiga yana kashe tsoka daga ciki, kuma jinkiri na iya kai wa ga yanke yatsa. Wanda haka ta same shi kada ya tsaya a kemis. Ya nufi babban asibiti mai likitocin tiyata, irin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, nan take, ya kuma faɗa musu cewa dizal ne ya shiga da matsi. Ko a tsohon inji, ba a neman yoyo da yatsa. Kwali ake karawa.

Dabarun bakin titi masu jawo asara

Wasu kan cika sabuwar filta da man jarka kafin su ɗaura, don rage wahalar famfo. A tsohon inji ana tsira da haka idan man mai tsabta ne. A injin zamani kuwa, filtar tana tare ƙurar da ba ta wuce maikuron 5 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai kimanin maikuron 70. Man da aka zuba ta tsakiyar filta ya tsallake tacewa, kuma kai tsaye zai isa injekta da dattinsa.

Wasu kan jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin shaƙar iska, ko su fesa maganin sauro. Inji na iya kamawa da duka mai ƙarfi wanda ke fasa zoben fistan, kuma idan motar tana da hita mai ɗumama iska, wuta na iya tashi. Ban da haka, famfon injekta da dizal ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi. Tilasta masa juyawa a bushe cin ƙarfensa ne.

Wasu kan zuƙi tiyo da baki. Dizal da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana haddasa ciwon huhu mai tsanani. Wasu kuma kan hura iskar kwamfuresa cikin tanki don ta turo mai, alhali ba a ƙera tankin don ɗaukar matsi ba, yana iya kumbura ko ya yage a wurin walda. Garin gyaran gira, kada a rasa ido.

Idan iskar ta dawo

Motar da ta sha iska don mai ya ƙare, da an cire shi ke nan. Wadda ke sha kullum tana da rami a wani wuri, kuma cire iska kowace safiya ba gyara ba ne.

Kanikawa suna da gwaji biyu masu araha. Na farko, a sa guntun tiyo mai haske, irin wanda ake samu a Panteka da shagunan kayan gyara, tsakanin filta da famfo na ɗan lokaci. A haska shi da fitilar waya ta baya, a ɗauki bidiyo da tsarin nan mai rage gudun hoto. Ƙananan kumfa da ido ba ya kamawa za su fito sarai. Sai a riƙa matsar da tiyon baya zuwa ɓangaren tanki, mahaɗa bayan mahaɗa. Inda kumfar ta ɓace, ramin yana tsakanin nan da wurin da aka baro. Na biyu, a ba injin mai kai tsaye daga jarka mai tsabta. Idan ya daidaita, matsalar tana tanki ko bututunsa. Jarkar ta gwaji ce, ba ta tafiya Zariya ba.

Ga injin zamani, na'urar karanta kwamfutar mota tana nuna ƙarfin man da ke cikin bututu yayin buga kik, wanda ke bambance matsalar iska da ta lantarki ba tare da an kwance komai ba. Sai dai 'yar na'urar nan mai Bluetooth da ake haɗawa da waya, mai suna ELM327, an yi ta ne don ƙananan motoci masu bolt 12. Manyan motoci da yawa suna amfani da bolt 24 da wani tsarin sadarwa daban mai suna J1939, don haka na'urar na iya ƙin karantawa ko ta ƙone. A tabbata wadda za a saya ta manyan motoci ce.

Wannan ilimi bai tsaya kan tirela ba. Injin niƙa na unguwa, da tarakta, da janaretan da ke riƙe da turken sadarwar da wayar kowa ta dogara da shi, duk dizal suke sha, kuma duk haka suke mutuwa idan iska ta shiga layinsu. Matashin da ya san hanyar mai daga tanki zuwa injekta, ya kuma iya bambance tsohon inji da sabo, ya riƙe abin da ake nema a gareji da gona da ma'aikata. Direba kuwa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya gyara gejin mai, kada ya bar tanki ya gaza kwata, ya riƙa tsiyaye ruwan da ya taru a kofin filta, musamman da damina, ya kuma ajiye filta da zobenta da 'yan wosha sababbi a akwatin mota.